Jingina A Kan Jingina

Maganarmu ta yau a kan jingina ce.

Ambaliyar Kogin Haɗeja ta 2020 da ta 2022 ta cinye shinkafa daga Auyo har Guri. Da yawa cikinmu suka jinginar da gonakin fadama, wasu gidajen haya. Lokacin biya ya yi, babu kuɗi, sai a koma wurin mai bin bashi: ya ƙara wa'adi, ya ƙara adadi, a sake takarda. Ko da wane suna muka kira ta, wannan ita ce ribar Jahiliyya.

Jingina halal ce, aya ta 283 ta Suratul Baƙara ta tabbatar da ita, amma lamuni ce, ba sana'a ba. Wanda ya ba da rance ya riƙe gona yana noma ta shekara da shekaru, bashin kuwa bai ragu da kwabo ba, malaman Malikiyya ba su halatta masa wannan amfani ba. Jinkiri aya ta 280 ta umarce shi da yi, babu ƙari. Mai gona kuwa, gara ya sayar da yanki ya fanshi sauran.