Motar lantarki, da wutar wa za ta yi tafiya?

 

An nemi in yi magana a kan motar da ba ta shan isansi ko gazuwal, sai batir da ake cikawa da wutar lantarki. Lamarin ya wuce wasa. A shekarar 2024 an sayar da motocin lantarki, har da masu haɗa batir da mai, sama da miliyan 17 a duniya, wato fiye da ɗaya cikin kowace sabuwar mota biyar, kuma mafi yawansu a ƙasar Sin. A 2023 Tarayyar Turai ta kafa dokar daina sayar da sababbin motoci masu hayaƙi daga 2035, ko da yake masu masana'antu sun yi ta matsa lamba a sassauta ta. A nan Afirka, Habasha ta hana shigo da motocin mai tun 2024.

Turawa na gardama a kan tsada da ayyukan yi, da kuma kobalt ɗin batir, wanda kusan kashi 70 cikin ɗari daga Kwango yake fitowa. Mu tamu gardamar dabam ce.

Duk wanda ya bi babbar hanya daga Gidan Rumji, ya ratsa Maraɗi da Agiye, zai iso Gazawa. A nan ne layin wuta mai ƙarfin kilobolt 132 da ya taso daga Katsina yake sauka, kafin NIGELEC ta raba wutar zuwa Maraɗi da Damagaram. Makunnin kuwa yana hannun maƙwabta. Kowa a cikinku ya tuna watan Agusta na 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke mana wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba ta mayar ba sai bayan da CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024. Da a ce motocin da ke kai wake da gyaɗa kasuwa da wannan wuta suke tafiya, ina za mu sa kanmu? Balle ƙauyukan da waya ke ratsawa ta samansu, su kuwa suna kwana da cocila.

Sai dai kada mai sayar da ruwa-ruwa ya yi saurin tafi. Tun da shugaba Tinubu ya janye tallafin mai a Mayun 2023, kwalbar bakin hanya ta daina araha, kuma a Maris na 2025 mun ga dogayen layuka a gidajen mai, alhali matatar SORAZ tana aiki tun 2011. Isansin ma ba shi da tabbas.

A ganina, ba daga mota ya kamata mu fara ba. Mu fara daga babur ɗin ɗan kabu-kabu, wanda batirinsa ƙarami ne, farantin hasken rana na iya cika shi ba tare da jiran Katsina ba. A Benin da Togo kamfanin Spiro ya riga ya buɗe wuraren musayar batir ga masu babura.

Ga Alhazai kuma ina da gargaɗi. Tsofaffin motocin da Turai za ta zubar, ta Kwatano da Lome za su biyo, da araha mai ruɗi, wasu ma da batir da ya gaji. Ku ma'aikatan duwan da na sufuri, wa zai auna lafiyar batir a bakin iyaka, kuma a ina za a zubar da wanda ya mutu? Wannan tambaya nake so mahukunta su amsa kafin kaya su iso.