Ladubban Yi Wa Hoton Gini Gyara



Abin da ya tara mu yau shi ne yadda ya kamata mu duba hoton gini wanda ɗan'uwanmu ya ɗauka, mu gaya masa gaskiya game da tsarinsa da gyaransa, ba tare da mun karya masa zuciya ba, ba kuma tare da mun ruɗe shi da yabon banza ba. Watakila wani ya ce, ina ruwan ɗalibin jami'a da wannan? To, bari mu fara da dalili.

Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834 zuwa 1846), yana cikin gine-ginen ƙasa mafi ƙayatarwa a ƙasar Hausa. A cikin shekarun 1970 aka tayar da sabon gini na siminti, aka lulluɓe tsohon a cikinsa. Wanda ya je yau ba zai ga fuskarsa ta waje yadda maginin ya bar ta ba, sai fa a hotuna da zane-zanen awo irin waɗanda Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, ya tara, da kuma kwatankwacinsa da aka gina a gidan tarihi na Jos. Ashe ke nan hoton da ɗayanmu zai ɗauka gobe na wani zaure yana iya zama shi kaɗai ne shaidar da za ta rage in damina ta ci zauren. Shaida kuwa dole a tace ta.

Ladabi na farko shi ne tambaya kafin hukunci. Mu tambayi mai hoto, me ka so ka nuna? Idan dagin da ke bisa ƙofa ne ya ɗauki hankalinsa, ba daidai ba ne mu zarge shi don bai nuna gidan duka ba. Idan kuwa ya ce tsayin soron ya so mu gani, alhali ya datse zankwayen da ke kansa, to, mun sami abin faɗa. Da nufinsa za mu auna shi.

Na biyu, mu fara da abin da ya yi kyau, mu kuma ambace shi da sunansa. “Kai, wannan hoto ya yi!” ba ta koya wa kowa kome ba. Amma in muka ce, “Yadda ka bar inuwar indararo ta sauko a kan bango ta sa ido ya bi ta har ƙofa,” to, ya san abin da zai sake yi da gangan.

Na uku shi ne tsari, watau yadda aka zaunar da gini a cikin hoto. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaga bakin kyamara sama don a sami kan gini. Da zarar an yi haka, sai bangaye su riƙa matsowa kusa da juna ta sama, ginin ya zama kamar zai faɗi ta baya. Maganinsa a ja da baya, ko a hau tudu, a riƙe kyamara a miƙe. Sa'an nan mu duba haske. Hasken da ya bugi bango gaba da gaba yakan shafe zane, wanda ya zo ta gefe kuwa, kamar na hantsi ko na la'asar sakaliya, shi ke fito da tudu da kwarin adon, har a ga sawun hannun mai yaɓe. Mu duba kuma ko akwai abin da zai nuna girma. Mutum ɗaya a tsaye a bakin ƙofar gari ya ishi mai kallo ya gane kaurin ganuwa, amma a nemi izninsa tukuna. In cikin soro ne, inda bakan gizo ke tashi daga bango ya haɗu a tsakiyar tulluwa, mu duba ko mai hoto ya tsaya a tsakiya sosai, domin ɗan kaucewa kaɗan yakan sa rufin ya zama kamar a karkace. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

Na huɗu shi ne gyaran da akan yi bayan ɗauka, a kwamfuta ko a waya, kuma a nan ne aka fi bukatar hattara. Rage gefe, da ƙara haske a wurin da ya yi duhu, da daidaita hoton da ya karkata, duk ba laifi. Amma fa mai ba da shawara sai ya san ginin. Bangon tubali yakan yi kauri a gindi, ya riƙa sirancewa yana hawa. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsayin mita 27, wadda ke cikin tsohon garin da hukumar UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2013, haka maginanta suka yi ta, tana tsukewa har ƙoli. Wanda ya ce a miƙe ta a kwamfuta ta zama kamar benen siminti, ya ɓata gaskiya da sunan gyara. Haka nan wanda ya ƙara wa jar ƙasa launi har ta koma kamar manja, ko ya goge tsagar bango don hoto ya yi sumul. Tsagar nan labari ce: ita ke gaya mana ginin yana neman yaɓe. In hoton na ado ne, a cire wayar lantarki in an so, amma a faɗa. In na tarihi ne, a bar kome yadda Allah ya nuna shi.

Na biyar, harshe. Hoton muke dubawa, saboda haka kada mu taɓa mutuncin mai shi, kada kuma mu yi masa gorin kyamara, domin da yawa daga cikinmu waya ce kaɗai abin hannunmu, tana kuwa aiki in an iya tsayuwa. Kada mu jibga masa kurakurai goma a zama ɗaya. Mu zaɓi biyu waɗanda suka fi nauyi, kowanne mu haɗa shi da magani. Maimakon “Hoton nan ya yi duhu,” sai mu ce, “Da ka koma da hantsi, da rana ta shiga zauren.” Ta farko rufe ƙofa ce, ta biyu kuwa aike ne.

Daga ƙarshe, kalma ɗaya ga wanda ake yi wa gyara. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ka saurara har a gama, ka tambayi abin da ba ka gane ba, kana ka auna. Ba kowace shawara ce za ka ɗauka ba, amma in mutum uku suka tsaya a kan abu guda, to, ka koma wurin ginin ka sake dubawa.

'Yan'uwa, hutu yana tafe, kowannenmu kuma akwai tsohon zaure ko masallaci a garinsu. Muna roƙon kowa ya dawo da hoto uku na gini ɗaya, ya rubuta sunan wurin da ranar ɗauka, ya ajiye na asali tare da wanda ya gyara, mu zauna mu duba su bisa ga waɗannan ladubba. Allah ya sa mu dace.