Jawabi Ga Masu Kiwo Na Agege: Sharar Turke Dukiya Ce

Jama'a, tun shirin ciyar da ƙasa na 1976 hankalin manoma ya koma ga takin zamani, alhali kuwa ga kashin shanu nan jibge a mayankar Oko-Oba. Mai kiwo ya shimfiɗa garin katako a turke ko akurki, ya shanye fitsari, kofaton dabba ya huta da damshin Ikko. Amma fa kada manomi ya yi garajen kai shi gona ɗanye, gama katako kan janye abincin shuka kafin ya ruɓe, har ganyen masara ya koma ruwan ɗorawa. A tara shi, a riƙa juyawa ana yayyafa ruwa, wata da watanni, sai ya yi baƙi.