Tarihin Ƙofar Mazugal a Cikin Adakar Kakanninmu



Da yawa cikinmu idan an ce tarihin Kano, sai hankali ya tafi kan jerin sarakuna, daga Bagauda zuwa yau. Wannan kam an rubuta shi, Palmer ma ya juya Tarihin Kano zuwa Turanci tun 1908. Amma littafin sarakuna ba ya gaya mana wanda ya zauna a lungun Dala, ko nawa ya sayi gidansa, ko da wa yake ciniki. Amsar wannan tana cikin adaka, a ƙarƙashin gadon wata tsohuwa, gara tana ci.

Mu ɗauki Ƙofar Mazugal. Ta nan matafiyin nan Bajamushe, Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo birni a 1851, zamanin Sarki Usman ɗan Dabo, ya sauka a Dala, ya hau dutsen ya zana garin. Wanda ya riƙe zanen nan ya hau Dala yau zai nemi filaye da gonakin da ke cikin ganuwa ya rasa, duk gidaje sun cinye su. Tsohon hoto ma haka yake ba da shaida, muddin an san shekararsa. Hoton da ba a rubuta kome a bayansa ba, rabin amfaninsa ya tafi da mai shi kabari.

Wasiƙu sun fi daɗin karatu, sun kuma fi wuyar sha'ani. Fataken Gadamus da Tarabulus da suka zauna a wannan ɓangare na birni da Larabci suke rubutu, kuma su ne "Turawa" na asali, waɗanda Dandalin Turawa ya ci sunansu. Ɗalibin da bai san haka ba, in ya tsinci kalmar a tsohuwar takarda, sai ya ɗora wa Ingilishi abin da Balarabe ya yi. Haka nan wasiƙun da aka kwasa a gidan Wazirin Sakkwato a 1903, waɗanda Backwell ya buga fassararsu a 1927, ya kamata mai karatu ya riƙa tambaya: wa ya zaɓo su, da wace manufa?

Ni dai a ganina takardun gida da na gona sun fi duka daraja. Littattafan shari'ar majalisar Sarki Abbas na 1913 da 1914 cike suke da rigimar gado da iyaka, a daidai lokacin da jirgin ƙasa, wanda ya iso a 1911, ya fara karkatar da ciniki daga hanyar Sahara zuwa kudu. A nan ake jin muryar talaka da ta mace mai neman hakkinta. Dokar ƙasa ta 1910 da ta 1978 kowacce ta sauya ma'anar mallaka, saboda haka takardar da aka yi tsakaninsu tana bukatar a karanta ta da idon zamaninta.

Ku ma'aikata, fayil ɗin da kuke shirin ƙonawa don sarari, ku fara tuntuɓar Gidan Ɗan Hausa ko ma'ajiyar takardu ta Kaduna. Ku ɗalibai kuwa, in an tafi hutu ku durƙusa gaban kakanni, ku nemi izini, ku ɗauki hoton takardar, ku rubuta sunan unguwa da shekara, sa'an nan ku mayar musu da abinsu. Mutane suna ɓoye takardar gida ne don tsoron a ƙwace musu gidan, kuma tsoron nasu yana da dalili.