Rigar Kariya Da Rigar Jama'a: Shari'ar Joshua Dariye



An nemi in yi magana a kan gurfanar da gwamna gaban kotu bisa zargin almundahana da fifita 'yan gaban goshi. Da na zauna shiri sai na ga gara in ɗauki shari'a guda mu bi sawunta daga fari har ƙarshe, domin maganar cin hanci idan aka yi ta a dunƙule kowa gyaɗa kai yake yi, har da masu cin. Na zaɓi ta Joshua Chibi Dariye, gwamnan Filato daga 1999 zuwa 2007. Dalilina shi ne shari'a ce da ta je har Kotun Ƙoli aka kammala ta, saboda haka abin da zan faɗa ba jita-jitar majalisar shayi ba ce.

A ƙasar nan ba a gurfanar da gwamna yana kan kujera. Sashe na 308 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a shigar da ƙarar shugaban ƙasa, mataimakinsa, gwamna ko mataimakinsa, kuma ya hana a kama su, muddin suna ofis. Shi ne muke kira rigar kariya. A 2002, a ƙarar da marigayi Gani Fawehinmi ya shigar da Sufeto Janar na 'yan sanda, Kotun Ƙoli ta ce ana iya bincikar gwamna mai ci, gurfanarwa ce sai ya sauka. Wato za ka iya leƙa tukunya, amma ba za ka sauke ta ba sai mai girki ya tashi.

To amma rigar nan ba ta haye teku. A watan Mayun 2004, bayan rikicin Yelwan Shendam, Shugaba Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci a Filato, ya dakatar da Dariye, ya naɗa Janar Chris Alli mai ritaya kantoma na wata shida. Cikin wannan tsakani ne, a Satumban 2004, 'yan sandan Landan suka kama Dariye bisa zargin safarar kuɗin haram. Aka ba shi beli, ya dawo gida bai koma ba. A Nuwamba dokar ta-ɓaci ta ƙare, ya koma kujerarsa, rigar ta koma jikinsa.

Sai aka bi ta ƙofar tsigewa, kuma a nan ne aka yi abin da ni ban ga hujjarsa ba. A Nuwamban 2006 'yan majalisa 6 kacal, daga cikin 24 na majalisar dokokin jihar, suka zauna suka ce sun tsige gwamna. Ko ɗan aji uku ya san 6 ba kashi biyu cikin uku na 24 ba ne, adadin da tsigewa ke buƙata. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe tsigewar, Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a Afrilun 2007, ya dawo ya ƙarasa 'yan makonnin da suka rage masa. Wanda ya karya doka don ya kama mai laifi ya ba mai laifin bakin magana, kuma Dariye ya samu: daga ranar magoya bayansa suka riƙa cewa bi-ta-da-ƙulli ne kawai.

Ya sauka a 2007, hukumar EFCC ta gurfanar da shi a Babbar Kotun Birnin Tarayya da tuhuma 23. Tushen maganar cakin kuɗi ne na kimanin naira biliyan 1.16 daga asusun kula da muhalli na gwamnatin tarayya, wanda aka ba jihar a 2001. Duk wanda ya san Jos da kewayenta ya san kududdufan da haƙar kuza ta bari, da yadda zaizaya ke cin gonaki, don haka ya san abin da kuɗin muhalli ke nufi a can. Kuɗin ba su shiga baitulmalin jiha yadda ya kamata ba. An bi da su ta bankin AllStates Trust, aka karkasa, wani kaso ya faɗa asusun wani kamfani mai suna Ebenezer Retnan Ventures, wanda kotu ta gano na gwamnan ne, wani kason kuma ya tafi ga jam'iyyarsa ta lokacin, PDP.

Ina so mu ɗan tsaya a nan, don nan ne zuciyar laccar. Gwamna ba ya cire biliyan da hannunsa. Sai da ma'aikacin banki da ya buɗe asusu bai nemi cikakkun takardu ba. Sai da jami'in da ya san cakin ya fito amma bai tambayi ina ya kwana ba. Sai da jagororin jam'iyya da suka karɓi rabonsu ba su ce daga ina ba. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Fifita na kusa da muke ɗauka kamar ƙaramin laifi, ai zumunci ne, ai riƙon amana ne ga waɗanda suka wahala a kamfe, shi ne ainihin injin da satar ke tafiya a kansa. Ubangida yana naɗa yaronsa a muƙami ne don ranar da za a buƙaci sa hannu ba tare da tambaya ba. Kuma waɗannan mutanen su ne riga ta biyu, wadda ba ta cikin kundin tsarin mulki, ba ta kuma tuɓuwa ranar miƙa mulki.

Ku duba yadda ta yi aiki. Rigar sashe na 308 ta ƙare a Mayun 2007, amma ba a yanke hukunci ba sai 12 ga Yunin 2018. Shekara 11. Kusan takwas daga ciki sun tafi ne a kan gardamar ko kotun Abuja tana da hurumin sauraron ƙarar, har sai da Kotun Ƙoli ta ce a 2015 a koma a fara shari'a. Cikin shekarun nan wanda ake tuhuma ya ci zaɓen sanatan Filato ta Tsakiya a 2011, ya sake ci a 2015, daga baya ya sauya sheƙa zuwa APC mai mulki. Ba aljanu suka jefa ƙuri'un ba, jama'a, mu ne talakawa. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Irin wannan jan ƙafa ne ya sa dokar gudanar da shari'ar manyan laifuka ta 2015, a sashenta na 306, ta hana dakatar da shari'a saboda ƙananan ƙorafe-ƙorafe, kuma a ganina wannan sashe ɗaya ya fi jawabai ɗari amfani.

Mai shari'a Adebukola Banjoko ta sami Dariye da laifi a tuhuma 15, ta ɗaure shi shekara 14. Makonni biyu kafin nan ita ce ta yanke wa Jolly Nyame, tsohon gwamnan Taraba, shekaru irin waɗannan. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage wa Dariye zuwa 10, Kotun Ƙoli ta tabbatar da 10 ɗin a Maris 2021.

Bayan wata 13, a Afrilun 2022, Majalisar Ƙoli ta Ƙasa ƙarƙashin Shugaba Buhari ta amince da afuwa ga fursunoni 159, Dariye da Nyame na ciki, aka ambaci shekaru da rashin lafiya. Sashe na 175 ya ba shugaban ƙasa wannan iko, ba wanda ya karya doka. Sai dai ina roƙon ɗaliban shari'a da ke nan su duba su waye ke zama a wannan majalisa: baya ga tsofaffin shugabannin ƙasa da tsofaffin alƙalan alƙalai, gwamnoni 36 masu ci duk mambobi ne. A watan Agustan shekarar aka buɗe wa Dariye da Nyame ƙofar gidan yarin Kuje, bayan sun yi shekara huɗu da 'yan makonni.