Wa Zai Tsaya wa Rabi Kafin Gobara?

 

Malamanmu, iyayenmu, shugabannin ƙungiya, da ku ƴan uwa matasa maza da mata na Ƙonni, Malbaza da Illela, sannunku da zuwa. Maganata yau a kan littafi guda ce, da abin da masu karatu ke cewa in sun rufe shi.

Littafin shi ne Alhaki Kuykuyo Ne, na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a Kano a 1990. A 2012 an buga fassararsa ta Turanci a Indiya, aikin Aliyu Kamal. Labarin Rabi ne, matar wani ɗan kasuwa, Alhaji Abdu, uwar ɗiya tara. Cefanen gida ya gagare shi, amma ya samu kuɗin auro Delu. Rigima ta tashi, ya kori Rabi da ɗiyanta. Ta kama sayar da abinci, ta riƙe karatun yara, har ɗiyarta Saudatu ta yi aure gidan rufin asiri. Sai gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu, arziki ya ƙare, Delu ta kama gabanta. Daga ƙarshe anka matsa wa Rabi ta koma ɗakinta.

In kun saurari masu karatu, a fada ko a tsakar gida, za ku ji sun kasu. Akwai masu kuka, musamman wanda ya taɓa ganin uwarsa ta fita da kaya a ka. Akwai masu murna da gobarar, suna cewa Allah ya saka mata. Akwai masu fushi da ƙarshen labarin, yawanci ƴan uwanmu mata: don me za ta koma ta ci da wanda ya wulaƙanta ta? Wasu su amsa musu da cewa haƙuri ne, kuma don ɗiya ta yi. Akwai kuma masu ganin irin waɗanga littattafai tonon asirin gida ne da ɓata tarbiyya. Wannan ra'ayi ya taɓa yin ƙarfi, don a 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona littattafan Hausa a Kano. Gaskiya akwai marasa kyau a kasuwa, amma wanga littafi abin da ke faruwa a unguwa ya faɗa.

To, ƴan uwa, ku lura da abu guda. Duk gardamarmu a kan Rabi take: ta koma ko kada ta koma, ta yi haƙuri ko ta ƙi. Shi kuwa Alhaji Abdu mun bar shi da gobara. Mun ji daɗi da wuta ta hukunta shi, don ta ɗauke muna aikin da ya kamata mu yi. A rayuwa kuwa shaguna nawa ne ba su ƙone ba, masu su na cin nama a tasha, ɗiyansu na kwana da fura ba nono?

Addininmu bai ce a jira gobara ba. Farkon Suratuɗ Ɗalaƙi ya hana a fitar da matar da anka saki daga ɗakinta tun ba ta gama idda ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ta nuna ciyar da ɗa namiji yana kan uba har ya balaga, ɗiya mace kuma har ta yi aure ta tare. Saki yana raba miji da mata, amma ba ya sauke wa uba cin ɗiyansa da suturarsu. Ke nan tukunyar da Rabi ke ɗorawa kullum, bashi ne take biya a madadin wani. Mu mun sa masa suna haƙuri, mun yi mata kirari, mun wuce.

Kuma ba sai mun je Kano ba. Ku duba masu tuwo da shinkafa a tashar Ƙonni, da matan da ke aikin albasa a Galmi. Ku tuna gidajen da maigida ya tafi biɗa Abijan ko Libiya. Da yawa suna aike, Allah ya saka musu. Wasu kuwa shekara ta zagayo ko jika guda, sai labarin sun yi amarya. In Oktoba ta zo, uwa ce ke neman kuɗin kaye da bik, in ta rasa sai ɗiyar ta bar lakwal ta ɗauki talla.

Don haka ina roƙonku abubuwa kaɗan. Samari, mu ne Alhaji Abdu na gobe in ba mu yi hattara ba, don shi ma saurayi ne da can, yana zaune a fada kamar mu. Mu koyi babin ciyarwa kafin mu kai kuɗin gaisuwa. Ƴan mata, ku san haƙƙinku daga bakin malamai, kuma ku riƙe karatu da sana'a. Ƙungiya kuma, in mun san gidan da uba ya watsar da ɗiyansa alhali yana da hali, mu nemi liman ko wani dattijo da yake jin nauyi, a je a yi masa nasiha a asirce. Kafin ya dawo hanya, mu taimaka wa yaran da kayan lakwal.

Wanda ya yi kuka don Rabi ta takarda, wallahi ta maƙwabtansa ta fi cancanta ya tsaya mata. Allah ya shirya mu, ya ba iyayenmu mata ladan wahalarsu, ya sa mu zama masu riƙon amanar iyali.