Kwana biyu a otal mai araha a tsakiyar Abuja

Yau ba baƙo, ni kaɗai ne, kuma labarin da zan ba ku bai yi min daɗin faɗa ba. Amma tunda kullum muna cewa shugabanni su riƙa amsa laifinsu, to bari in fara da kaina.

Kwanakin baya aka gayyace mu taron matasa a Abuja. Na hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, daga nan na shiga mota zuwa cikin gari. Masu taron sun ba kowa kuɗin masauki, suka ce ka nemi inda ya yi maka. Ni kuwa kun san ni da lissafi. Na kama ɗaki a irin otal ɗin nan masu rassa, wajen Garki, naira 35,000 kwana ɗaya.

Ga wanda bai sani ba, otal mai rassa shi ne wanda kamfani ɗaya ke buɗewa a wurare daban-daban, suna ɗaya, fenti ɗaya, gado iri ɗaya. A duniya akwai irin su Ibis na kamfanin Accor, da aka fara a Faransa a 1974. Nawa dai ba shi ba ne, wani na gida ne, kuma ba zan kama suna ba. Dabararsu ita ce a cire duk abin da ba dole ba. Ɗaki ƙarami, gado, tebur, banɗaki, tawul ɗaya, sabulu kamar ƙwayar magani. Ba wurin ninƙaya, ba mai ɗaukar maka jaka. Abin da kake saya shi ne kusanci: minti goma ka isa Sakatariyar Tarayya, ba sai ka yi asubanci daga Kubwa ko Suleja ba.

Shawara a gurguje ga mai shirin zuwa. Tambayi ko kuɗin da aka faɗa maka ya haɗa da harajin VAT na kashi 7.5, don wasu sai wajen biya suke ɗora shi. Tambayi ƙarfe nawa ake tada janareta, kuma ko yana ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki. Ka tafi da butarka da sallayarka. Ka duba ƙofar gudu ta gobara kafin ka kwanta. Shi ke nan, mu koma labari.

Rana ta biyu aka ba mu ambulan na kuɗin mota, naira 20,000. Na dawo ɗaki da azahar na yi salla, na koma taro. Da yamma na duba, babu ambulan. Na zazzage jaka, na ɗaga katifa, na leƙa ƙarƙashin gado. Babu. Ɗakin kuma ga shi an gyara shi tsaf, an canza zanin gado.

Jama'a, ni da na yini ina magana a kan adalci, ni da na tsaya gaban makirfo ina cewa a daina yi wa matasa kallon ɓarayi, ko minti biyu ban yi ina tunani ba. Na sauka ƙasa wurin karɓar baƙi na ce kuɗina sun ɓace, kuma mai gyaran ɗaki ce kaɗai ta shiga.

Aka kira ta. Yarinya ce, ba za ta wuce shekara ashirin da biyar ba, ta riga ta cire kayan aiki za ta tafi gida. Manaja bai tambaye ta komai ba. Ya ce min, "Yallaɓai, ka yi haƙuri, za mu biya ka, mu cire a albashinta." Ita kuwa ta dube ni ta ce, "Yallaɓai, wallahi ban ga komai ba. Sallayarka ma ban taɓa ba, yadda ka naɗe ta haka na bar ta."

Da ta ce sallaya, gabana ya faɗi. Na hau sama da gudu, na warware sallayar, sai ga ambulan ya faɗo. Ashe da zan yi alwala na cire shi daga aljihu na ajiye a kai, na idar na naɗe da shi a ciki.

Saukowar nan ta fi min komai nauyi. Na ce, "Malama, na zalunce ki, ki yafe min." Na faɗa a gaban manaja da duk wanda ke wurin, tunda a gabansu na zarge ta. Ta ce, "Ba komai Yallaɓai, Allah Ya yafe mana." Na miƙa mata wani abu, ta ƙi karɓa. Abin da ta roƙa kawai shi ne in rubuta a littafin baƙi cewa an ga kuɗin, don kada maganar ta biyo ta daga baya.

Kafin ta tafi muka ɗan yi magana. Tana da takardar NCE. A Masaka take zaune, can jihar Nasarawa, gaba da Mararaba. Duk wanda ya san hanyar Nyanya zuwa AYA da safe ya san abin da nake nufi. Tun kafin kiran asalatu take fitowa, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ke cinye mata albashi. Ban tambaye ta nawa ake biyanta ba, na riga na ci mutuncinta da yawa.

Amma ku yi lissafin da ni. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Kwana biyun da na yi a otal ɗin da nake kira mai araha, 70,000 cif. Albashin wata guda na kwana a kai. Kuma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Da an cire mata 20,000 ɗin nan, me zai rage? Arahar da muke murna da ita fa, wani ne ke biyan cikon.

Mun yi murna a 2018 da aka sa hannu a dokar rage shekarun takara, matashi ɗan shekara 25 zai iya neman kujerar majalisar wakilai. Madalla. To amma matashiyar da ke gyara mana gado a duk taron da muke yi, ita ma matashiya ce, kuma ban taɓa jin mun sa ta a jadawalin taro ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Don haka ga abin da na ɗaukar wa kaina. In abu ya ɓace min a masauki, sai na bincika sau uku kafin in buɗe baki. Zan gaishe da mai gyaran ɗaki, in tattara sharata kafin in fita. Kuma a ƙungiyarmu na kawo shawarar duk otal ɗin da za mu kama don taro, mu tambayi yadda suke biyan ma'aikata, da ko suna yanke albashi ba tare da bincike ba. Mu ne masu kawo ciniki, za su saurare mu.

In kina aiki a otal, ko kana aiki, ku rubuto mana yadda abin yake, ba za mu faɗi sunanku ba. Mako mai zuwa za mu karanta.